Loudéac, kilomita 783: yadda mu huɗu muka rabu a hanyar Paris–Brest–Paris

Mu huɗu muka tashi daga Rambouillet, wani gari a gefen Paris, da ƙarfe bakwai na yammacin Lahadi, 18 ga Agusta 2019, sanye da rigar kulob ɗaya, da alƙawarin tare za mu tafi, tare za mu dawo. Uku suka dawo a kan keke, su ma a rarrabe, na huɗun kuwa jirgin ƙasa ne ya maido shi Paris. Tun daga lokacin an sha tayar da maganar a kulob ɗinmu, kowa da yadda yake ba da ita. Wasu na cewa an yar da yaro da tsakar dare, wasu na cewa ni ne na kusa zubar da wahalar shekara biyu saboda kara. Shi ya sa na ɗauko katin hatimina da abin da na'urar kekena ta adana, na zauna in rubuta lamarin yadda ya faru, don wanda zai shiga irin wannan tafiya da abokansa ya san inda igiyar take tsinkewa.

Tafiyar da dokokinta

Paris–Brest–Paris tafiya ce ta kilomita 1,200 da 'yan kai. Daga gefen Paris ake nufar yamma har bakin tekun Atlantika a garin Brest, sannan a juyo. Zuwan kaɗai ya ɗan gaza nisan Maraɗi zuwa Yamai. Duk shekara huɗu ake yin ta, cikin watan Agusta, kuma ƙungiyar Audax Club Parisien ce ke shirya ta. Asalinta tsere ne. A 1891 wani ɗan jarida, Pierre Giffard na Le Petit Journal, ya kira ta don mutane su ga abin da keke zai iya, Charles Terront ya zo na ɗaya cikin awa 71 da 'yan mintuna. A 1931 aka buɗe wa masu hawa don sha'awa nasu ɓangaren, bayan 1951 kuma 'yan tseren sana'a suka bar ta. Yau babu kuɗin da ake ci. Wanda ya gama cikin lokaci lambar ƙarfe yake samu, a rubuta sunansa a babban littafin ƙungiyar.

Mutum shi yake zaɓar wa'adinsa: awa 80, 84 ko 90. Mu 90 muka ɗauka, kamar mafi yawan mutane. Agogo ba ya tsayawa don komai. Cin abinci, barci, layin bayan gida, facin taya, duk a cikin 90 ɗin suke. A kan hanya akwai zanguna inda ake buga wa mutum hatimi a katinsa, kowane zango da lokacin rufewarsa, har da na ɓoye da ba a sanar da wurinsu tun farko. Motar taimako ba ta bin mutum a hanya, sai dai ta jira shi a zango. Da dare dole fitila gaba da baya da riga mai ƙyalli. Kafin ma a karɓi sunan mutum sai ya yi gwaji huɗu a cikin shekarar: kilomita 200 cikin awa 13 da rabi, 300 cikin awa 20, 400 cikin awa 27, sai 600 cikin awa 40. A 2019 mutum sama da 6,000 muka tashi, daga ƙasashe fiye da 60, kuma a kowane huɗu, fiye da ɗaya bai gama cikin lokaci ba.

Idan aka raba 1,200 gida 90, kilomita 13 da ɗan abu ne a awa, gudun da yaro zai yi a hanyar makaranta. Wannan lissafin ne yake yaudarar sabon shiga. Wanda ke tafiyar kilomita 20 a awa zai yi awa 60 a kan sirdi, sauran 30 su ne dukiyarsa, a cikinsu zai ci, ya yi barcin dare huɗu, ya gyara abin da ya lalace. Ga kuma hawa: babu dutse mai tsawo a hanyar, mafi tsayi shi ne Roc'h Trevezel wanda bai kai mita 400 ba, amma tudu da gangare ba sa ƙarewa, jimillar hawan ta haura mita 11,000. Sannan rabin farko ya fi matsewa, wajen awa 40 ake ba mutum ya isa Brest.

Mu huɗun

Babbanmu tsohon direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, shekarunsa sun haura sittin da biyar. Ya yi tafiyar sau uku, har da ta 2007 da ruwan sama ya kori mutane da yawa. Baba nake ce masa, ya kuma karɓi sunan. Ba shi da gudu a tudu, amma ba ya gajiya. Ta biyu malamar firamare ce, ita ke riƙe mana lissafi, ta manna takardar lokutan zanguna a jikin kekenta. Na uku ni ne. Na huɗu ɗan wani mutumin garinmu ne, ya zo Faransa karatu, ni na kai shi kulob, ni na nemo masa keken farko. Shekararsa ashirin da huɗu a lokacin, shi ne ƙaraminmu, shi ya sa har Turawan kulob suka koyi ce masa Auta. Ya fi mu ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana saura kwana biyu mu tashi mahaifiyarsa ta kira ni daga gida, ta ce, "Ga ƙanenka nan, amana ne a hannunka."

Gwaje-gwajen huɗu tare muka yi su, babu wanda ya ba mu matsala. Na 600 ma da ragowar awa huɗu muka gama shi. A teburin da muka ci abinci bayan wannan gwajin ne aka yi alƙawarin, aka haɗa hannu, kowa na murna. Ba wanda ya tambayi abin da za a yi in ɗaya ya kasa. Na tuna Baba ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya fasa.

Daga Rambouillet zuwa Brest

Daren farko daɗi ne zalla. Rukuni-rukuni ake sallamar mutane duk bayan kwata, sai ka hangi jan fitilun baya sun miƙe a duhu iya ganinka. A ƙauyuka mutane na zaune bakin hanya har ƙarfe biyu na dare suna tafi, sun kafa tebura da ruwa da kofi kyauta. Muka wuce Mortagne-au-Perche wajen tsakar dare, muka isa Villaines-la-Juhel, kilomita 217, da asuba.

Da gari ya waye sai iskar yamma ta tare mu gaba da gaba, haka ta yini. A irin wannan yanayi wanda ke gaba shi ke shan wahala, na bayansa suna fakewa da shi. A ka'ida karɓa-karɓa ake yi, kowa ya ja na 'yan mintuna ya koma baya. Mu kuwa da muka ga duk lokacin da Baba ya karɓi gaba gudunmu na sauka, da Auta ya karɓa kuma sai ya hau, sai muka ƙyale Auta a gaba. Ba wanda ya ce masa ya zauna a can, ba kuma wanda ya ce masa ya sauka. Daga Villaines zuwa Fougères, zuwa Tinténiac, zuwa Loudéac, sama da kilomita 200, kusan shi kaɗai ya sha iskar nan, mu uku muna bayansa muna yaba masa.

Wanda ke jan gaba cikin iska hannunsa biyu na kan keke, ba ya samun sukunin ci ko sha. A zango kuma abincin da ke kusa da hannu shi ne burodi da naman alade, ni da Auta sai mun bi dogon layin dafaffen abinci mu nemi taliya ko shinkafa, mu tambayi abin da ke cikin miya. Babbar Sallah ta faɗo ranar 11 ga Agusta, mako guda kafin tafiyar, don haka na ƙullo soyayyen naman layya da dabino, su suka riƙe ni. Auta ya ce maiƙo ba ya yi masa, ya dogara da 'yan leda-ledan zaƙi da ake sayarwa 'yan tsere. A gwajin 600 sun yi masa aiki. A nan, bayan awa ashirin, cikinsa ya fara ƙin su.

Ƙarfe tara na daren Litinin muka shiga Loudéac, kilomita 445. Nan ne kowa yake son kwana, saboda haka nan ne cunkoso ya fi yawa. Ɗakin kwanan babban zauren wasanni ne da aka jera gadajen tafi-da-gidanka, ka biya ɗan kuɗi, ka faɗi lokacin da za a tashe ka, ɗan sa kai ya rubuta lambar gadonka. Wanda bai samu gado ba ya kwanta ƙarƙashin teburin cin abinci. Awa uku da rabi muka yi a garin, barcinmu a ciki awa biyu ne.

Daren nan sanyi ya sauko irin wanda ban zata ba a watan Agusta, ga hazo a kwaruruka, ga tudun da ke tsakanin Loudéac da Carhaix wanda ya fi na ko'ina gajiyarwa. Muka isa Carhaix da biyar na asuba, muka haye Roc'h Trevezel da hantsi, muka gangaro gadar Albert-Louppe, teku na ƙyalli a hagunmu. Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Talata aka buga mana hatimin Brest, kilomita 610, awa 40 cif da tashinmu. Malama ta dubi takardarta ta ce mun cinye duk rarar da muke da ita. Duk da haka sai da muka yi awa ɗaya da minti 45 a Brest, don rabin hanya ne, kowa na son hoto, kowa na son kiran gida.

Daren Loudéac

A komowa Auta ya daina karɓar gaba, muka ɗauka hutawa yake. A Carhaix ya tura farantinsa gefe ya ce ya ƙoshi. Bayan magariba, a wani tudu, na ga ya tsaya ya sunkuya bakin ciyawa yana amai. Kilomita 90 ɗin nan zuwa Loudéac awa biyar da rabi suka ci mana. Muka shiga zangon da sha biyu da rabi na dare, wayewar Laraba, kilomita 783, awa 53 da rabi da tashi. Saura kilomita 436, saura awa 36 da rabi.

Masu agajin gaggawa na zangon suka duba shi, suka ce ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ya kwanta, ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, in cikin ya karɓi abinci zai iya ci gaba. Awa nawa hakan zai ɗauka, babu mai iya faɗa. Muka bar shi a gado muka zauna mu uku a wani tebur mai cike da kofuna.

Malama ce ta fara. Ta ce gudun Baba a wannan matakin bai wuce kilomita 17 a awa ba, wato yana bukatar kusan awa 26 a kan sirdi, ragowar goma kuma a cikinsu zai ci, ya yi barcin dare biyu, ya tsaya a zango biyar. In ya jira har asuba, tasa ta ƙare. Ta faɗi haka idonta na kan takarda, muryarta na rawa. Baba ya ce shi ba zai tafi ba, yaron nan saboda shi ya ƙone kansa cikin iska. Na ce, "Baba, in ka zauna ba za ka warkar da shi ba, sai dai mu zama mutum huɗu da suka kasa. Ku tafi da Malama, kada ka yi daren nan kai kaɗai. Ni zan zauna, ni aka ba amanarsa."

Ya yi shiru mai tsawo. Sannan ya tashi ya je gadon Auta, ya durƙusa ya faɗa masa da bakinsa, don ya ce ba zai bari yaro ya farka ya tarar an gudu ba. Suka yi barcin awa ɗaya suka tashi ƙarfe biyu.

Da uku da kwata Auta ya iya cin busasshen burodi da ruwan miya, abin ya zauna. Da uku da rabi muka hau. Ni na shiga gaba, na riƙe gudun da zai iya bi. Awa biyun farko na sa rai. Da gari ya fara haske sai na lura kansa na rinjaya ƙasa, yana ɗago shi da ƙyar, can kuma na ga ya tallafe haɓarsa da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗayan. Masu doguwar tafiya sun san wannan ciwo, wuyan Shermer suke ce masa, da sunan Ba'amurken nan Michael Shermer da abin ya kama a tseren ratsa Amurka na 1983. Naman wuya ne yake gajiya har ya kasa ɗaukar kai. Mutum na iya taka feda, amma tayar gabansa kawai yake gani. Akwai masu ɗaure hular kwano da tsohon tiyub su ja ta baya su ci gaba. Auta ya ce in yi masa haka, na ƙi. A wata gangara ya wuce kwana ya shiga ciyawa, Allah ya kiyaye babu mota.

Ƙarfe tara muka isa Tinténiac, kilomita 869, lokacinmu na wannan zango na gab da rufewa. Aka buga mana hatimi. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango ya ce, "Yaya, ka tafi. Wallahi in ka zauna ba zan yafe wa kaina ba." Na ce sai na ga wanda zai kai shi. Wani ɗan sa kai ya ce in ya tashi aiki da rana zai sauke shi a tashar jirgin Rennes, kimanin kilomita 30 daga nan. Auta ya je da kansa ya shaida wa masu hatimi ya janye. Na kira mahaifiyarsa, na ce, "Hajiya, lafiyarsa ƙalau, gajiya ce, yana hannun mutanen kirki," na miƙa masa wayar. Ƙarfe goma saura ashirin na hau keke, saura kilomita 350 da awa 27 da 'yan mintuna.

Ragowar hanyar ba ta da dogon labari. Ni kaɗai, ba na wuce minti ashirin a zango. A La Tannière, tsakanin Fougères da Villaines, akwai gidan da suka shahara da raba wa masu keke kofi da 'yar wainar fulawa, ladansu kawai ka aiko musu da katin gaisuwa daga ƙasarku. Na tsaya minti biyar. A Villaines garin kaf ya fito, yara 'yan makaranta ne ke ɗaukar wa mutum tiren abinci su kai masa tebur. Na yi barcin awa ɗaya da rabi a Mortagne, na wuce Dreux da safe, na shiga Rambouillet da sha ɗaya da rabi na ranar Alhamis, awa 88 da rabi. Baba da Malama sun riga ni da awa biyu da 'yan kai. Auta na tsaye tare da su a bakin shinge, wuyansa naɗe da tawul.

Inda awoyin suka tafi

Duk mai ba da labarin nan a kulob daga daren Loudéac yake farawa. Na'urar kekena ta nuna lamarin ya girmi wannan dare. Daga cikin awa 53 da rabi da muka yi kafin mu dawo Loudéac, awa 38 ne kawai tayoyin ke juyawa. Awa 15 da rabi muna tsaye. Barcinmu a ciki awa biyu da rabi ne. Awa 13 kenan da ba tafiya, ba barci.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Minti 40 a Mortagne, inda ko hatimi ba a bugawa a tafiya. Awa ɗaya da minti goma a Villaines, awa ɗaya da ashirin a Fougères, minti 50 a Tinténiac, awa guda a Carhaix, ga na Brest da na faɗa. A gefen hanya kuma kusan awa huɗu sun zube a faci biyu, sa riga, cire riga, kama ruwa, da teburan mutanen ƙauye da ba ma iya wucewa. Sallata, da nake haɗawa ina yin ƙasaru, duk kwana biyun ba ta kai awa ɗaya ba.

Dalilin a fili yake. Mutum ɗaya in ya shiga zango, hatimi, cika gora, abinci, bayan gida, ya fita. Mutum huɗu kuwa kowa da lokacin da bukatarsa ke tasowa. Sai an gama shiri ɗaya ya tuna bai cika gora ba, kafin ya dawo wani ya ga ai da sauran lokaci ya tafi bayan gida, kafin shi ma ya dawo na uku ya cire takalmi. Ayari da gudun mafi rauni yake tafiya, a zango kuma da jinkirin kowa a haɗe yake tashi. Shaidar ita ce, daga Tinténiac zuwa ƙarshe, a gajiye, ni kaɗai, tsayuwata a kowane zango ba ta kai rabin ta farko ba. Da mun tsare ko awa biyar cikin sha ukun nan, da Auta ya samu cikakken barci a Loudéac kowa na jiransa hankali kwance, da zancen rabuwa bai taso a daren ba.

Abu na biyu shi ne iskar ranar Litinin, kuma a nan ban ga wanda zan ɗora wa nauyi sama da kaina ba. Na san yaron, na san ba zai taɓa cewa ya gaji a gaban manya ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Baturen kulob in ya gaji zai ɗaga gwiwar hannu ya koma baya ba tare da jin komai ba. Auta kuwa gani yake in ya sauka ya bar dattijo a gaba ya yi rashin kunya. Ni ne kaɗai a cikinmu na san wannan, kuma na ji daɗin fakewar na yi shiru.

Na ukun shi ne alƙawarin kansa, kuma ban gane shi ba sai da Auta ya faɗa mini bayan wata biyu. Ya ce tun Carhaix ta farko, kilomita 521, ya san cikinsa ya lalace. Ya ɓoye har tsawon kilomita 200 saboda an ce tare za a gama, yana ganin in ya faɗa ya ɓata wa mutum uku tafiya. Da ya faɗa a lokacin, maganin mai sauƙi ne: a bar zaƙin nan, a koma shinkafa da ruwan miya mai gishiri, a rage gudu, a ɓoye shi a baya har Brest. Alƙawarin da muka yi don kada a bar kowa a baya shi ya rufe masa baki har abin ya fi ƙarfin gyara. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai cikin lamarin duka.

A kan rabuwar kanta, har yau ra'ayinmu bai zo ɗaya ba. Malama na ganin tun a Loudéac ya kamata in bar shi hannun masu agaji in bi su, don a can akwai gado da masu kula, ni kuwa na fitar da marar lafiya cikin duhu da sanyi na kilomita 86, kuma shigarsa ciyawar nan da ta zo da mota da yanzu wani labarin ake yi. Ba na iya ture wannan magana, akwai gaskiya a cikinta. Abin da nake ce mata shi ne, masu agajin sun ce zai iya in ya ci, ya kuma ci, wuyan bai nuna alama ba sai da gari ya waye, kuma yaron da ya sha mana iskar kilomita 200 ya cancanci a ba shi damar gwadawa da wani a gabansa. Inda na yarda na yi kuskure shi ne ban tsayar da shi ba tun ganin farko da na yi wa kansa yana rinjaya. Sai da muka ƙara fiye da awa ɗaya a haka. Masu cewa Baba da Malama sun yi watsi da yaro kuwa ba su zauna a teburin nan ba. Ni na ce su tafi, kuma da za a maimaita daren, haka zan sake cewa. Baba dai bai taɓa rataye lambar 2019 tare da sauran ukun ba, tana cikin aljihun tebur.

Abin da ya canza a kulob ɗinmu bai da yawa. Yanzu kafin duk tafiyar da ta kai kilomita 600, waɗanda za su tafi tare sukan zauna su rubuta a takarda ɗaya: minti nawa za a yi a zango, a kuma faɗi lokacin tashi tun kafin a sauka daga keke, minti nawa kowa zai ja gaba, mai ƙarfi da marar ƙarfi, wa zai zauna da wa in wani ya kasa, kuma har zuwa wane lokaci. Malama ta ƙara layi ɗaya da hannunta, cewa duk wanda ya ji wani abu a jikinsa ya faɗa a zango na gaba, faɗar ba ta nufin an raba tafiya. Wasu tsofaffin 'yan kulob sun ce wannan ya mai da zumunci kwangila. Auta ne ya fara sa hannu.

A Agustan 2023 ya koma, shi da wasu mutum biyu daga kulob, shekarar da zafin rana ya maye gurbin iska. Ni ban hau ba, na ba da sunana cikin 'yan sa kai, aka tura ni ɗakin kwana na Loudéac. A daren komowarsa ya shigo da wuri, ya ci shinkafa faranti biyu a gabana, ya ce, "Yaya, ƙarfe uku." Na rubuta lambar gadonsa. Ƙarfe uku na je da 'yar fitila na taɓa ƙafarsa, ya tashi ya ɗaura takalmi, na riƙe masa keken har ya gama cika gorarsa.